Georges Méliès: Ɗan dabon da ya fara kai 'yan kallo duniyar wata

Shekaru 67 kafin 'yan sama jannatin Amurka su taka duniyar wata a 1969, wani Bafaranshe ya riga ya kai 'yan kallo can, daga cikin wani ɗakin gilashi da ya gina a lambun gidansu da ke wajen birnin Paris.

Sunansa Georges Méliès, kuma fim ɗin da ya shirya a 1902 mai suna Le Voyage dans la Lune, wato Tafiya Zuwa Duniyar Wata, shi ne wanda masana tarihin sinima da dama ke ɗauka a matsayin kakan fina-finan ƙagaggun labaran kimiyya.

Da kuɗin aljihunsa ya shirya fim ɗin. Shi ya tsara labarin, shi ya zana wuraren da aka ɗauka, shi ya ba da umarni, shi ne kuma ya fito a matsayin shugaban masana taurarin da suka yi tafiyar.

Fim ɗin ya zagaya duniya, amma mafi yawan ribarsa aljihun wasu ta faɗa. Mai shi kuwa ya wayi gari a shekarun tsufansa yana sayar da alewa da kayan wasan yara a wata tashar jirgin ƙasa.

Ɗan mai takalma

An haifi Georges Méliès a birnin Paris ranar 8 ga watan Disamban 1861. Mahaifinsa Jean-Louis Méliès attajiri ne mai masana'antar takalma, mahaifiyarsa kuma 'yar asalin ƙasar Holland ce. Shi ne ƙarami, yana bin yayyensa biyu, Henri da Gaston.

Ya yi karatu a fitacciyar makarantar nan ta Louis-le-Grand, inda ya kammala a 1880. Tun yana ɗalibi hankalinsa ya fi karkata ga zane-zane da wasan 'yar tsana fiye da darasin aji.

Bayan ya yi aikin soja na dole, iyayensa suka tura shi Landan a 1884 domin ya koyi Turancin Ingilishi da harkar kasuwanci.

A can ne ya riƙa zuwa wani gidan wasa da ake kira Egyptian Hall, inda shahararren mai rufa-ido John Nevil Maskelyne ke nuna bajintarsa. Daga nan sha'awar dabo ta shiga ransa, ba ta kuma sake fita ba.

Da ya koma gida a 1885 ya so ya shiga makarantar koyon zane, amma mahaifinsa ya ƙi biyan kuɗin, don haka ya kama aikin lura da injuna a masana'antar takalman. Wannan aiki da ya yi ba da son ransa ba ya koya masa sarrafa ƙarfe da ƙera na'urori, abin da ya amfane shi ƙwarai daga baya.

A shekarar ce kuma ya auri Eugénie Génin, wadda ta haifa masa 'ya'ya biyu, Georgette da André.

Da mahaifin ya yi ritaya a 1888, Georges ya sayar wa yayyensa kasonsa na masana'antar, ya sayi gidan wasan dabo na Robert-Houdin da ke tsakiyar Paris. A cikin 'yan shekaru ya ƙirƙiro sabbin dabarun rufa-ido kimanin 30, ya kuma farfaɗo da gidan da a da kasuwarsa ta ja baya.

Haɗuwa da hoto mai motsi

A ƙarshen watan Disamban 1895, 'yan uwan nan biyu Auguste da Louis Lumière suka nuna wa jama'ar Paris hoto mai motsi da na'urar da suka ƙera. Méliès na cikin waɗanda suka halarta.

Nan take ya taya na'urar faran 10,000, kuɗin Faransa na lokacin, amma masu ita suka ƙi sayarwa.

Bai karaya ba. Ya sayo wata na'urar haska fim daga hannun Robert W. Paul, wani maƙeri a Landan, ya yi nazarin cikinta, sannan ya juya ta ta zama kyamarar ɗaukar hoto. Zuwa watan Mayun 1896 ya fara ɗaukar nasa fina-finan.

Da farko irin abin da su Lumière ke ɗauka shi ma yake ɗauka: masu wasan karta, da jiragen ƙasa, da zirga-zirgar titi.

Kamar yadda shi da kansa ya ba da labari, wata rana yana ɗaukar hoto a dandalin Opera sai kyamarar ta cije na ɗan lokaci, kafin ya gyara ta ta ci gaba. Da ya zo kallon abin da ya ɗauka, sai ya ga keken doki na fasinja ya rikiɗe ya zama keken ɗaukar gawa, maza kuma sun koma mata.

Abin da ya faru shi ne, a tsakanin tsayawar kyamarar da tashinta, masu wucewa sun sauya, amma idon mai kallo bai ga giɓin ba.

Méliès ya gane cewa idan aka tsayar da kyamara da gangan, aka cire mutum ko aka sauya wani abu, sannan aka ci gaba da ɗauka, aka kuma haɗa zaren fim ɗin da kyau, to an samu rufa-idon da ya fi ƙarfin dandalin wasa. Da wannan dabara ya ɓatar da wata mata daga kan kujera a wani fim na 1896, inda Jehanne d'Alcy, 'yar wasan gidansa, ta fito.

Ɗakin gilashi

A 1897 ya gina ɗakin ɗaukar fim a filin gidansu da ke Montreuil, gabas da Paris. Bangon ɗakin da rufinsa duk na gilashi ne, domin a wancan zamani hasken rana kaɗai ake dogaro da shi.

Saboda haka da rana tsaka ake yin ɗauka. Safiya ta shirye-shirye ce, da yamma kuma Méliès ya koma Paris domin kula da gidan wasansa.

Ya sa wa kamfaninsa suna Star Film, da tambarin tauraro. A nan ya ƙware wajen ɗaukar hoto sau biyu ko fiye a kan zaren fim guda, har mutum ɗaya ya bayyana a wurare da yawa lokaci guda, ko ya cire kansa ya ajiye a kan tebur.

Sha'awarsa ga sararin samaniya ta riga ta bayyana tun 1898, a wani gajeren fim mai suna La Lune à un mètre, inda wani masanin taurari ya yi mafarkin wata ya sauko ɗakin bincikensa ya haɗiye madubinsa na hangen nesa.

Bai tsaya ga tatsuniya kaɗai ba. A 1899 ya shirya jerin fina-finai kan shari'ar Alfred Dreyfus, hafsan sojan Faransa Bayahude da aka ɗaure bisa zargin cin amanar ƙasa da bai aikata ba, a daidai lokacin da batun ya raba kan Faransawa gida biyu.

Yadda aka shirya tafiyar

Tafiya Zuwa Duniyar Wata ya ɗauki kimanin watanni uku ana aikinsa a 1902, ya kuma ci faran 10,000, kuɗi mai yawan gaske a lokacin da galibin fina-finai ba sa wuce 'yan mintoci kaɗan.

Tsawon zarensa ya kai kimanin mita 260, wato kusan rubu'in sa'a na kallo, gwargwadon saurin hannun mai juya na'urar.

Méliès ya samo tunanin harba mutane da igwa daga littafin Jules Verne na 1865 kan tafiya daga ƙasa zuwa wata. Masana na kuma ganin tasirin littafin marubucin Ingila H.G. Wells na 1901 a kan halittun da matafiyan suka tarar a can.

'Yan wasan da suka fito sun fito ne daga gidajen nishaɗin Paris. 'Yan alkafura na Folies Bergère su ne suka zama mazauna duniyar wata, 'yan rawar gidan wasan Châtelet kuma suka zama taurari da masu tura kumbo cikin igwa.

Fage mafi shahara a fim ɗin shi ne inda ake ganin wata yana ƙara girma, har fuskar mutum ta bayyana a jikinsa, sannan kumbon ya soke shi a ido.

Kyamarar tana da nauyi, ba ta matsawa. Sai Méliès ya lulluɓe wani ɗan wasa da baƙin yadi, ya bar fuskarsa kaɗai da aka yi wa kwalliya kamar wata, ya zaunar da shi a kan kujera mai tafiya a kan dogo, aka riƙa jawo shi da igiya zuwa gaban kyamarar. Mai kallo sai ya ga kamar shi ne ke kusantar watan.

Wajen nuna faɗawar kumbon cikin teku kuwa, ya haɗa hoton teku na gaske da na kumbon, sannan ya ɗauki ƙarƙashin ruwa ta cikin akwatin gilashi mai ɗauke da 'ya'yan kwaɗi.

Babu fim mai launi a zamanin, sai dai a shafa launin da hannu. Akwai wata mata a Paris mai suna Élisabeth Thuillier da ke da ma'aikata mata kimanin 200, waɗanda ke bin ƙananan hotunan zaren fim ɗaya bayan ɗaya da buroshi, kowace da launin da take shafawa.

An sayar da kwafin baƙi da fari a kan faran 560, mai launi kuma faran 1,000.

Abin da labarin ya ƙunsa

Fim ɗin ya fara da taron ƙungiyar masana taurari, sanye da dogayen riguna da huluna masu tsini kamar na bokaye. Shugabansu Farfesa Barbenfouillis, wanda Méliès ya fito a matsayinsa, ya kawo shawarar a tafi duniyar wata, mutum biyar suka amince su raka shi.

Aka ƙera kumbo mai siffar harsashi, aka harba su da wata ƙatuwar igwa.

Da suka sauka, suka hangi duniyarmu tana fitowa daga nesa, sannan suka shimfiɗa barguna suka kwanta. Suna barci taurari bakwai suka bayyana da fuskokin mutane, wata mata kuma ta zauna a kan jinjirin wata ta yi musu ruwan dusar ƙanƙara.

Bahaushen da ya taso yana jin cewa Zara matar wata ce, ko kuma yana nuna wa yara kaza da 'ya'yanta a sama, ba zai ga baƙon abu a wannan fage ba.

Sanyi ya kora su cikin wani kogo, inda ɗayansu ya kafa laimarsa a ƙasa, ta tsiro ta zama ƙatuwar laimar kwaɗi. Nan mazauna wurin suka far musu, sai dai duk wanda aka buga da ƙarfi sai ya fashe ya zama hayaƙi.

An kama baƙin an kai su gaban sarki, amma farfesan ya ɗaga sarkin ya maka shi da ƙasa. Suka ruga zuwa kumbonsu, suka tunkuɗo shi daga bakin dutse, ya faɗo cikin teku, jirgin ruwa ya jawo su gaɓa, aka kuma yi musu gagarumar tarba tare da nuna wa jama'a wani mazaunin wata da ya maƙale wa kumbon.

Ta fuskar kimiyya, kusan babu abin da ya yi daidai. Tsakanin duniya da wata akwai tazarar kimanin kilomita 384,000, babu iskar shaƙa a can, kuma ƙarfin harbin igwa irin wannan zai hallaka duk wanda ke cikin kumbon tun kafin ya fita daga bakinta.

Sai dai Méliès, wanda a da ya yi zanen barkwanci na siyasa a wata jarida, raha yake yi da masu ji da kansu. Wasu masana na ganin fim ɗin shaguɓe ne ga 'yan mulkin mallaka, masu shiga ƙasar da ba tasu ba, su kashe sarkinta, su koma gida a kafa musu mutum-mutumi.

Zamanin ya dace da wannan fassara. Shekaru uku kafin fitowar fim ɗin, a 1899, sojojin Faransa suka shiga Damagaram, kuma watanni biyar bayan fitowarsa, a Fabrairun 1903, Turawan Ingila suka ci Kano.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

An fara nuna fim ɗin a gidan wasan Robert-Houdin a watan Satumban 1902.

A cewar Méliès, da farko masu nuna fim a filayen baje koli sun ƙi saye saboda tsadarsa, har sai da ya ba wa ɗayansu aro kyauta. Tafin da 'yan kallon farko suka yi shi ya jawo jama'a, rumfar ta cika har tsakar dare.

Babban burinsa shi ne kasuwar Amurka, amma kafin ya ankara an riga shi. Kamfanoni irin su na Siegmund Lubin, da na William Selig, da na Thomas Edison sun samu kwafin fim ɗin, suka buga shi da yawa suka sayar ba tare da biyan mai shi ba.

A Faransa sayar da kwafi ake yi kai tsaye, kuma Méliès bai yi rajistar haƙƙin mallakar fim ɗin a Amurka ba, don haka babu inda zai kai kuka.

Domin toshe wannan kafa, a 1903 ya tura yayansa Gaston birnin New York ya buɗe reshen Star Film, suka fara rajistar kowane sabon fim a ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka. Ya kuma riƙa zana tambarin kamfanin a jikin bangon da ake ɗaukar fim a gabansa.

Ya ci gaba da komawa sararin samaniya. A 1904 ya shirya wani fim inda jirgin ƙasa ya tashi sama ya faɗa bakin rana, a 1907 kuma ya yi wani kan husufin rana.

Karyewar jari

Yayin da Méliès ke aiki kamar maƙerin da ke ƙera kowane abu da hannunsa, manyan kamfanoni irin su Pathé da Gaumont sun mayar da fim sana'ar masana'anta, suna fitar da sabbi kowane mako a kan farashi mai sauƙi.

Daga 1907 Pathé ya daina sayar da fina-finai ya koma bayar da su haya, tsarin da ya fi dacewa da mai kaya da yawa. 'Yan kallo su ma sun fara gajiya da tatsuniyoyin aljanu, sun koma son labaran soyayya da na 'yan fashi da ake ɗauka a wurare na zahiri.

A 1909 Méliès ne ya shugabanci taron masu shirya fina-finai na ƙasa da ƙasa a Paris, amma girman kujerar bai hana kasuwarsa ci gaba da durƙushewa ba.

Daga bisani ya karɓi kuɗi daga Pathé, ya ba da gidansa da ɗakin ɗaukar fim na Montreuil jingina. Fina-finai shida da ya yi a ƙarƙashin yarjejeniyar tsakanin 1911 da 1913 ba su mayar da kuɗinsu ba.

Gaston ma ya tafka asara a wata doguwar tafiyar ɗaukar fim da ya yi zuwa tsibiran tekun Pasifik da nahiyar Asiya. A 1913 matar Méliès ta rasu, kuma daga wannan shekara bai sake shirya fim ba.

A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya an mayar da wani ɓangare na gidan Montreuil asibitin sojoji. Masana tarihin fim sun ce rundunar sojan Faransa ta ƙwace ɗaruruwan fina-finansa ta narkar, domin cire azurfar da ke jikinsu, ragowar kuma aka yi dugadugan takalma da ita. Ɗan mai takalman da ya guje wa sana'ar gidansu, sai ga aikinsa ya koma can.

A 1923 aka rushe gidan wasan Robert-Houdin domin tsawaita wani babban titi, masu bin bashi kuma suka karɓe Montreuil. Cikin ɓacin rai, Méliès ya cinna wa ainihin kwafin fina-finansa da ke wurin wuta.

Daga cikin fina-finai fiye da 500 da ya shirya, kimanin 200 ne suka tsira.

A tashar jirgin ƙasa

A 1925 ya auri tsohuwar 'yar wasansa Jehanne d'Alcy, wadda ke da wani ɗan shagon alewa da kayan wasan yara a tashar jirgin ƙasa ta Montparnasse. A nan ya shafe shekaru yana zama tun safe har dare, dubban matafiya na wucewa ba tare da sanin ko shi wane ne ba.

A ƙarshen shekarun 1920 wasu 'yan jarida da masu sha'awar tarihin sinima suka gano inda yake. Suka tattaro abin da za a iya samu na fina-finansa, aka shirya bikin karrama shi a zauren Pleyel a watan Disamban 1929.

A 1931 gwamnatin Faransa ta ba shi lambar girmamawa ta Légion d'honneur, kuma Louis Lumière, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙi sayar masa da na'ura shekaru 36 da suka gabata, shi ne ya maƙala masa ita.

Lambar ba ta zo da kuɗi ba. Sai a 1932 ƙungiyar ma'aikatan sinima ta sama masa masauki da iyalinsa a gidan tsofaffinta da ke Orly.

Ya rasu sakamakon cutar daji ranar 21 ga watan Janairun 1938, yana da shekaru 76, aka binne shi a maƙabartar Père Lachaise da ke Paris.

Abin da ya bari

An daɗe ana zaton kwafi mai launi na Tafiya Zuwa Duniyar Wata ya ɓace, har sai da aka gano guda a 1993 a ma'adanar fina-finai ta yankin Kataloniya da ke Barcelona, zarensa duk ya manne da juna.

An shafe shekaru ana ɓamɓare shi ana ɗaukar hotunansa fiye da 13,000 ɗaya bayan ɗaya, kafin a nuna shi a bikin fina-finai na Cannes a 2011. A shekarar ce kuma Martin Scorsese ya fitar da fim ɗin Hugo, inda Ben Kingsley ya fito a matsayin Méliès na zamanin shagon alewa.

Abu guda da ya hasko ya tabbata: 'yan sama jannatin Apollo 11 a teku suka faɗo da suka dawo daga wata a watan Yulin 1969, jirgin ruwa ne kuma ya ɗauko su.

A ƙasar Hausa, gidan sinima na Rex ya buɗe a Kano a 1937, shekara guda kafin rasuwar Méliès, motocin majigi kuma suka riƙa kai hoto mai motsi garuruwa da ƙauyuka.

Har yau, idan yaro a Ɗambatta ya ga boka ya ɓace ɓat a fim ɗin Hausa, ko aljani ya bayyana cikin hayaƙi, dabarar da Méliès ya ƙware a kanta a Montreuil yake kallo, ko da kuwa da kwamfuta aka haɗa ta.

Masu shirya fina-finai a Kano, waɗanda tun bayan fitowar Turmin Danya a 1990 galibinsu da kuɗin aljihu ko na bashi suke aiki, sun kuma san ɗaya ɓangaren labarin. Satar fasahar da ta cinye ribar Méliès a 1902 ita ce ta addabe su a zamanin kaset da faifan CD, ta kuma biyo su zuwa zamanin tura fim a wayar salula.